Bankok da iyali a watan Disamba, wanda ya taɓa zuwa ya faɗa min gaskiya don Allah

Abban_Sultan: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da niyyar ɗaukar uwargida da yara biyu mu je Bankok ta ƙasar Tailan hutun Disamba in Allah ya kai mu, kwana takwas haka. Babban shekararsa 9, ƙaramar 5. To jiya na faɗa wa wani yayana sai ya ce kul, wai garin ba wajen kai iyali ba ne, daga naman alade sai gidajen rawa, ko abincin da zan ba yara ba zan samu ba. Shi kuma bai taɓa zuwa ba, ji ya yi. Don Allah wanda ya taka garin da ƙafarsa ya yi min bayani kafin in zuba kuɗina a tikiti.

dan_kwari_asali: Wa alaikumus salam. Alhaji na je Bankok ya fi sau goma saro kaya, tun ina yaron shago ake aikena. Maganar yayanka rabi gaskiya ce rabi kuma ji-ta-ji-ta. Alade kam akwai shi, a bakin titi ma za ka ga ana gasa shi a tsinke kamar tsire, amma cewa ba za ka samu abin ci ba wannan ba haka ba ne. Ka sauka wajen kasuwar Pratunam, ka taka zuwa layi na 7 a titin Phetchaburi, akwai masallacin Darul Aman a ciki, gefensa duk masu sayar da abinci Musulmi ne, matan da hijabinsu. Nan nake cin abinci nan nake Juma'a.

Maman_Ilham: Mun je ni da maigida da yara uku, kuma wallahi har yau suna maganar tafiyar. Abin da zan ce maka kawai ka zaɓi unguwar da za ku kwana da kyau, shi ne duk sirrin.

Abban_Sultan: @Maman_Ilham Hajiya wace unguwa kuka sauka? @dan_kwari_asali na gode ƙwarai, Allah ya ƙara buɗi.

Maman_Ilham: Daren farko an kama mana otal a Nana, wato wajen Sukhumvit layi na 3 da ake ce wa layin Larabawa, saboda wai nan abincin halal yake. Abincin kam akwai, mandi da gasasshiyar kaza da gurasa kamar kana Jidda, da rana kuma ba laifi. Amma da magariba ta yi muka fito nemo shayi sai na ga abin da ba na so yarana su gani, mata tsaye a bakin hanya da shigar da ba zan iya kwatantawa a nan ba, ga kiɗa ta ko'ina, na rufe wa babbar ido da mayafina muka koma ɗaki. Washegari muka tattara muka koma Ramkhamhaeng, can Musulmi suna da yawa, har kiran salla nake ji daga ɗaki. Matsalarta dai ta ɗan yi nisa da tsakiyar gari.

Sadiq_Gombak: Ni dai tambayata me ya sa ba za ka tafi Kwala Lampur ba? Shekara huɗu na yi karatu a Maleshiya. Ba ka da fargabar abinci, kusan ko'ina halal ne, duk babban kanti akwai wajen salla da suke kira surau, mutane da yawa suna jin Turanci. Ka kai yara su ga tagwayen benayen Petronas masu hawa 88, da daddare akwai ruwa mai rawa da fitilu a lambun da ke ƙasansu, ga wajen wasan yara kyauta. Me za ka je nema a Bankok da babu a can?

dan_kwari_asali: Malam Sadiq kasuwa zai je nema. Na je biyun, a harkar kaya da araha ba a haɗa su.

Sadiq_Gombak: Ai hutu ya ce zai je ba sari ba.

Abban_Sultan: Gaskiya Malam Sadiq na yi tunanin Maleshiya, amma uwargida ce ta fi son Bankok saboda tana ɗan taɓa sayar da kayan yara da jakunkuna, tana so ta ga kasuwar da idonta. To ka ga hutu ne da ɗan leƙen kasuwa a ciki.

Injiniya_MB: Bari in yi maganar takardu tunda ba wanda ya taɓo ta, don nan mutane suke faɗuwa. Mai fasfon Najeriya sai da biza tun daga gida, ba a ba mu a filin jirgi. Lokacin da na nema sai da na haɗa da takardar wankewa ta NDLEA, ita kuma tana cin lokaci, don haka kada ka bari sai Nuwamba ka fara. Na biyu katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa, na kowa har yaran. In kun sauka a filin jirgin Suvarnabhumi kada ka bi ayari kai tsaye zuwa layin buga fasfo, ka fara neman teburin jami'an lafiya su duba katin su ba ka shaida. Ni ban sani ba a zuwana na farko, na yi kusan awa guda a layi, da na iso gaba jami'in ya nuna min baya da hannu, haka na koma na sake sabon layi bayan awa tara a jirgi daga Addis Ababa. Sannan tun watan Mayun 2025 akwai katin shiga ƙasa da ake cikewa ta intanet kafin a taso, kyauta ne, kada wani ya karɓi kuɗinka a kansa.

Abban_Sultan: Allah ya saka da alheri Injiniya, wannan na katin shawara ban taɓa ji ba wallahi.

Ummu_Khadija22: Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne gidajen gumakan nan. Duk wanda ya je sai ka ga ya ɗora hoto a gaban gunki yana murmushi. Ya halatta Musulmi ya biya kuɗi ya shiga wajen da ake bautar wanin Allah? Tambaya nake tsakani da Allah ba neman rigima ba.

Malam_Habu_Zx: 'Yar'uwa tambayarki tana kan hanya. Malamai sun yi saɓani a kan shiga wuraren bautar wasu, akwai waɗanda suka hana musamman in da gumaka a ciki, akwai waɗanda suka sauƙaƙa in ba bauta ko girmamawa ta kai mutum ba. Abin da babu saɓani a kai shi ne kada ka rusuna, kada ka kunna musu turare ko ka ajiye fure. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya bari, bai rasa komai na addininsa ba.

Nura_Damagaram: Ni na shiga Wat Pho, inda gunkin nan na kwance yake mai tsawon mita 46. Ba zan ɓoye ba aikin hannun ya ba ni mamaki, tafin ƙafarsa kaɗai ya fi ni tsawo kuma duk an yi masa ado da ɓawon kifin teku mai ƙyalli. Amma da na ga dattijo ya durƙusa yana kai goshi ƙasa sai jikina ya yi sanyi, na fito ina ta hamdala a kan ni'imar Musulunci. Ban yi nadamar gani ba, amma ban sake shiga wani ba har na dawo.

Ummu_Khadija22: To ni dai ba zan kai yarana ba gaskiya. Na gode Malam.

Maman_Ilham: Mu ma ba mu shiga ba, ta kan kogi muka hango su. Kuma Alhaji wannan shi ne abin da yara suka fi so, jirgin ruwan haya na kogin Chao Phraya. Ka hau jirgin ƙasan nan mai bi ta kan gada, BTS, ka sauka a Saphan Taksin, tashar jirgin ruwan tana ƙasa, ka nemi mai tuta ruwan lemo, shi ne na talakawan gari kuɗinsa kaɗan ne. Akwai masu tare mutum tun daga matakala su ce ka ɗauki shata na dubu da wani abu, ka wuce su kawai. Da yamma in rana ta kusa faɗuwa za ka ga hasumiyar Wat Arun a tsallake, iska tana kaɗawa, yaron jirgi yana busa usur yana tsalle da igiya a kowace tasha. Ƙaramin ɗana har kuka ya yi da za mu sauka.

Kabiru_Spare: Tunda an zo maganar masu tare mutum bari in ba da nawa don wani ya tsira. Ina tafiya a ƙafa zan je fadar sarki, wani mutum tsaf da shi da riga mai kyau ya tare ni da fara'a yana Turanci, ya tambayi ƙasata, ya ce ai yau fadar a rufe take sai ƙarfe biyu saboda ana addu'a, amma zai sa mai tuk-tuk ya zagaya da ni wurare uku a bat 40 kacal, bat shi ne kuɗin ƙasar. Tuk-tuk ɗin kamar adaidaita sahunmu yake sai dai ya fi tsawo da ƙara. Na hau. Aka kai ni wani ƙaramin wajen bauta minti biyar, daga nan sai shagon tela, daga nan sai shagon duwatsun ado aka zaunar da ni aka kawo ruwan sanyi ana ta nuna min zobba wai yau ne ranar ƙarshe ta rangwamen gwamnati. Da na ƙi saya fuskar direban ta canza, ya ajiye ni a wani lungu ya ce yana zuwa, har yau. Da na lallaɓa na isa fadar sai na tarar tun safe a buɗe take, lokacin kuma an kusa daina sayar da tikiti. Duk wanda ya ce maka wuri a rufe yake, je ka ƙofar ka gani da idonka.

Injiniya_MB: Wannan dabarar tsohuwa ce, har yanzu tana ci. Shiga fadar bat 500 ne ga baƙo, kuma ba a shiga da gajeren wando ko riga marar hannu, mu dai shigarmu ta wadatar. A 1782 aka fara gina ta lokacin da sarki Rama na ɗaya ya mayar da Bankok babban birni, bayan sojojin Bama sun rusa tsohon birninsu Ayutthaya a 1767. Ayutthayan ma ana zuwa a wuni a dawo, kamar kilomita 80 ne.

dan_kwari_asali: Tasi kuma ka ce ya kunna mita, daga bat 35 take farawa. In ya ƙi ka sauka ka tari wata, ko ka yi amfani da Grab ko Bolt ka huta da ciniki. Amma daga ƙarfe huɗu na yamma zuwa takwas kada ka shiga mota in ba dole ba, cunkoson garin nan sai ka yi awa a inda za ka taka a minti ashirin. Jirgi ne maganinsa.

Hajjo_Yola: Ni fa shinkafarsu kawai na sani, 'yar Tailan da muka taso ana ci da salla. Ashe har zuwa ake yi yawon buɗe ido. To can ma irinta suke ci?

dan_kwari_asali: Hajiya wadda ake kawo mana turararriya ce, su ba ita suke ci ba. Tasu fara ce mai ƙamshi da laushi, akwai kuma mai danƙo da ake ci da hannu kamar tuwo. Ita ce suke haɗawa da mangwaro da madarar kwakwa, in ba ki ɗanɗana ba za ki ce haɗin bai yi ba, amma wallahi akwai daɗi.

Maman_Ilham: Yara sun sha wannan sosai. Da kuma khao mok gai, dafa-dukar shinkafa ce da kaza mai kurkum, abincin Musulmin can ne. Sai roti da ayaba da ake soyawa a gabanka. Abin lura dai ko abu na kaza ne a wajen wanda ba Musulmi ba, yankan ba namu ba ne kuma kasko ɗaya ake soya komai. A kantunan 7-Eleven da suke kowane lungu ka duba bayan leda akwai tambarin halal mai kusurwa huɗu da rubutun Larabci, in babu ka ajiye. Kalmar alade a yarensu "mu" ce, ka riƙe ta.

Aliyu_Tk: Wani abu da ya ruɗa ni, na sayi madara na ga an rubuta shekara 68 a jiki na ɗauka lalatacciya ce. Ashe lissafin shekararsu daban, suna gaba da na Turawa da 543, wato 2025 ita ce 2568 a wajensu.

Malam_Habu_Zx: Ga wata kuma da ta fi muhimmanci. Mu nan mun saba in an ce alƙibla sai mu ce gabas, har mukan ce mutum ya fuskanci gabas. To a Bankok Makka tana yamma da ku, da ɗan karkata zuwa arewa. Na san wanda ya yi kwana biyu yana kallon mafitar rana a ɗakin otal kafin a ankarar da shi. Ka sa manhajar alƙibla a waya ko ka duba rufin ɗaki ko cikin durowa, wasu otal suna manna kibiya. Kuma suna gabanmu da awa shida, ka gyara agogo tun a jirgi saboda lokutan salla.

Abban_Sultan: Subhanallah, Malam wannan kaɗai ya isa a ce na ci ribar tambayar nan. Wallahi da gabas zan kalla.

Bash_Lagos: Duk kun faɗi daɗin ba ku faɗi ɗacin ba. Baƙar fata mai koren fasfo ba ya shiga garin nan hankali kwance. An tsare ni a filin jirgi ana ta tambaya nawa na zo da shi, ina zan kwana, sai da na nuna tikitin komawa da kuɗi a hannu, Turawan da muka sauko tare ko kallo ba a yi musu ba. A cikin gari ma sau biyu ana tsayar da ni da daddare a duba fasfo. Tasi uku suka wuce ni a jere ranar da ake ruwa. Ni ban ga abin komawa ba.

dan_kwari_asali: Bash ban musa maka ba, ni ma an taɓa tsayar da ni. Amma mu faɗi gaskiya wasu 'yan ƙasarmu ne suka ɓata mana suna da harkar ƙwaya, akwai namu da yawa a gidajen yarinsu. Shi ya sa ko a Kano ko a Addis wani ya ce riƙe min 'yar ledar nan ka kai wa ɗan'uwana, ko da rawani ya zo kada ka karɓa.

Bash_Lagos: Laifin wani ba zai sa a wulaƙanta ni ba Alhaji. Kuɗina na kashe na je.

Maman_Ilham: Gaskiyarka ne ɗan'uwa, ba daɗi. Mu dai da yake da yara muke ba mu gamu da haka ba, sai ma matan kasuwa da suke ta wasa da ƙaramar suna taɓa kitsonta suna ba ta 'ya'yan itace. Ina ga mai iyali ya fi samun sauƙi a kan namiji shi kaɗai.

Injiniya_MB: Ka riƙa yawo da fasfo ko kwafinsa da hoton bizar a waya. Kada ku wuce ranar da aka buga muku ko da kwana ɗaya, tarar bat 500 ce kowace rana. Kuma ka ja wa kowa kunne a kan sarkinsu, ba a wasa da shi ko da baki, dokarsu ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ce, hotonsa yana jikin kuɗi don haka ko takardar kuɗi ce ta faɗi kada a taka ta da ƙafa. Ƙarfe takwas na safe da shida na yamma ana sa taken ƙasa a tashoshin jirgi da wuraren shaƙatawa, za ka ga kowa ya tsaya cak, kai ma ka tsaya. Masu shan sigarin lantarki kuma su bar shi a gida, haramun ne a dokarsu.

Sadiq_Gombak: Kun ga duk wannan dogon lissafin na kada ka yi kaza kada ka ci kaza, shi ya sa na ce Kwala Lampur. Tsakaninsu awa biyu da 'yan mintuna ne a jirgi, in ya ga dama ya raba kwanakin, huɗu nan huɗu can.

Injiniya_MB: Biza biyu ke nan na mutum huɗu Malam Sadiq, ga tikiti, ga jigilar yara. A kwana takwas wahalar ta fi daɗin.

Zee_collections: Don Allah a koma maganar kasuwa saboda madam, ni ma abin da nake jira ke nan. Ina ne ya fi kayan yara?

dan_kwari_asali: Pratunam da Platinum, suna kallon juna. Platinum akwai sanyi da lif, za ta iya shiga da yara. Cikin Pratunam kuwa lunguna ne matsattsu, masu turo kaya a amalanke suna ta ihu a ba su hanya, kuma da asuba ake cin kasuwar sari ta wajen dogon benen Baiyoke, kafin tara na safe an fara watsewa. Ƙa'idarsu in ka ɗauki uku zuwa sama farashin sari ne, ɗaya kuma farashin ɗaiɗai, ba a gwadawa ba a dawowa da shi. Da kalkuleta ake ciniki, ta danna ta miƙo maka ka danna ka miƙa mata. Ta lura da awo, abin da suka rubuta babba a wajenmu matsakaici ne. Akwai kuma Bobae, can ma kayan yara ne jibge. Masu kago namu na Afirka suna nan cikin lungunan Pratunam, amma ta tambayi wanda aka sani kafin ta ba da kaya.

Aliyu_Tk: Kasuwar Chatuchak fa? Asabar da Lahadi take ci, shaguna wajen 15,000, a tashar BTS ta Mo Chit ake sauka. Sai dai da yara a je da safe, in rana ta take ba a iya numfashi a cikin rumfunan.

Nura_Damagaram: Zafin ma da sauƙi a Disamba, shi ne lokacin sanyinsu, ko da yake sanyin nasu bai kai hunturunmu ba kuma babu ƙura irin tamu, gumi ne dai. Watan Afrilu ne ba na ba kowa shawara, ga zafi ga bikin Songkran daga 13 zuwa 15 da ake watsa wa kowa ruwa a titi ba ruwansu da ko waye kai. Alhaji in ka samu lokaci ka je masallacin Haroon a Bang Rak, yana cikin wani lungu kusa da kogi, tsohon masallaci ne ƙarami mai katako a ciki. Ranar Juma'a bayan an sallame sai ka ga an baje abinci a lungun, na zauna da wani tsoho ba na jin yarensa ba ya jin nawa, ya zuba min shayi ya ce Nijeriya, na ce Nijar, ya dafa ƙirji ya ce alhamdulillah. A nan na san Musulmin garin ba baƙi ba ne, kaka da kakanni suke.

Malam_Habu_Zx: Haka ne, masallatan Bankok sun fi ɗari. Unguwar Ban Khrua da ke bakin magudanar Saen Saep ma ta Musulmi ce 'yan ƙabilar Cham, masaƙan siliki ne tun da.

Maman_Ilham: Na manta, ka kai yara lambun Lumphini da safe amma ka riƙe hannunsu, akwai guza manya-manya suna yawo a bakin ruwa wasu sun kai tsawon mutum, ba sa kula kowa amma ni sai da na yi salati. A ƙasan babban kantin Siam Paragon kuma akwai gidan kifaye, da tsada kaɗan amma yara za su ji daɗi. A kantin MBK akwai ɗakin salla da wajen abincin halal.

Abban_Sultan: Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa uwargida duka, ita ta riga ta tafi a zuciyarta, ni kuma maganar Bash da ta Hajiya a kan Nana suna min yawo a kai, yayana ma na tura masa ya ce ai ga shi nan an tabbatar da maganarsa. Zan fara neman takardar NDLEA ɗin tukuna in ga yadda za ta kaya. @Maman_Ilham daga Ramkhamhaeng zuwa Pratunam da asuba yaya kuke yi, mota ko jirgi?

Maman_Ilham: Jirgin ƙasan da ke zuwa filin jirgi muke hawa mu sauka a Ratchaprarop mu taka. Akwai kuma jirgin ruwa na cikin magudanar da yake kaiwa har Pratunam, ya fi sauri, amma ruwan baƙi ne yana wari kuma tsalle ake a shiga, ban yarda na sa yara a ciki ba.

Zee_collections: Alhaji dan_kwari kilo nawa ne yanzu kago zuwa Kano, kuma kwana nawa yake yi?

dan_kwari_asali: Yana canzawa da dala Hajiya, bari in tambayi yaronmu da ke can in dawo miki da shi gobe insha Allah.